Gayyar Tungar Makau

Lahadi, 7 ga Yuli 2019, bayan azahar

"Wannan jirgi ido ne kawai, ba shi da hannu. Duk wanda ya san noma ne sana'arsa ya fita gonarsa hankali kwance, domin daga sama muna bambanta manomi da ɓarawo fiye da yadda ku kuke iyawa a ƙasa."

Haka babban mai kakin ya faɗa a filin taro na Bukkuyum kafin damina ta sauka, ranar da suka zo gabatar mana da jirginsu marar matuƙi. Ina wurin, cikin matan da aka gayyato don a ce an gayyaci mata. Da lasifika ya faɗa, ya maimaita, aka tafa masa. Ban riƙe sunansa ba, Mai Lasifika nake ce masa. Na rubuta maganarsa a nan don kada gobe wani ya ce mini ban ji daidai ba.

Jiya aka yi gayya a gonar ƙanena Lirwanu, a Tungar Makau, gaba da Zugu. Ɗana Sagir yana can. An ba su hutu a kwaleji, ya ce zai je ya taya kawunsa noma. Yanzu yana hannun masu kaki a sansaninsu na Anka, shi da wasu samarin Tunga. An ce bayan abin ya lafa mota ta zo ta kwashe su.

Sauran ba zan rubuta yau ba.

Litinin, 8 ga Yuli, bayan magariba

Daga Gummi zuwa Tunga a kan kabu-kabu, cikin taɓo. Na iske Inna zaune a bakin ɗakinta, carbi a hannu, ba ta jan sa. Habsu matar Lirwanu ta shiga takaba. Yaranta suna ta kallon baƙi.

Habsu ce ta ba ni labari, don tana kan hanya da ƙwaryar furar 'yan gayya lokacin da abin ya faru. Tun da ɓarayin daji suka matsa, ba mai zuwa gona shi kaɗai. Gari guda ake fita, yau gonarka, gobe tawa. A ajiye babura a inuwa don rana kada ta fasa tayoyi. Mutum guda ya hau bishiya yana duba hanya, da doguwar gora mai jan tsumma a kai, in ya hango ƙura ya kaɗa ta. Kuma a Tunga mai gona ne ke hawa. Abin kunya ne ka kira mutane aikinka sannan ka ɗora ɗan wani a inda za a fara harbi. Shi ya sa Lirwanu ne a kan tsamiyar.

Ta ce tun da hantsi suke jin ƙugin nan a sama, siriri, kamar na sauro a kunne. Ba wanda ya damu, ai an ce ido ne. Da rana ta take sai wani ƙugin ya taso daga gabas, mai nauyi.

"Sai sunka watse cikin kurmi, Yaya. To mi za su yi? Abin da munka saba ke nan."

Na je gonar. Geron ya yi kyau bana. Rabin tsamiyar ne ya rage.

Laraba, 10 ga Yuli, da hantsi

Rediyo ya ce an tarwatsa wani sansanin 'yan bindiga a yankin Zugu, an kashe mai yi musu gadi, an kama wasu, an ƙwato babura. Ɗaya daga cikin baburan da aka "ƙwato" na Malam ne, mijina, wanda Sagir ya ara. Kujerarsa a ɗaure take da tsohon ɗankwalina.

Malam ya kashe rediyon ya ce a yi haƙuri, a bi abin a hankali. Na ce da wa za a bi? Ya ce akwai manya. Na tambaye shi ko manyan nan suna da suna da ƙofar gida, ko su ma a sama suke shawagi. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Anka. Na tsaya a ƙofar sansanin tun safe da kwanon tuwo. Yaron da ke gadi, ban jin ya girmi Sagir, ya ce, "Hajiya, ana bincike." Na ce masa ban je Makka ba, malamar makaranta ce ni, kuma tambayata ɗaya ce: ɗana yana da rai? Ya ce ana bincike. Ya karɓi kwanon. Ban san cikin da tuwon ya shiga ba.

Asabar, 13 ga Yuli, da safe

Ana bincike.

Talata, 16 ga Yuli, bayan azahar

Yanzu har 'yan sandan nan namu sun samu nasu jirgin, ƙarami, mai fuka-fukai huɗu kamar fankar tebur. Wai don tsaron kasuwa. To kasuwa tana can bakin titi, me ya kawo shi saman gidajenmu? Yau ya tsaya cak a kan tsakar gidan maƙwabciyata Iyatu tana daka, ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali. Ta wurga masa muciya, muciyar ta faɗo cikin tukunyar miyata.

Ta leƙo ta katanga tana haki. "Malama, wanga wane irin baƙo na? Ko aljani in zai shiga gida yakan bari a yi bisimilla."

Na yi dariya, karo na farko tun ranar. Daga baya haushi ya kama ni. An gina zaure, an ja katanga, an koya wa kowane ɗa namiji ya tsaya waje ya yi sallama sau uku. Sai ga wani da ban san fuskarsa ba yana zaune a inuwa yana kallon shanyar kayan cikinmu, kuma ana son in gode masa.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Liman ya yi huɗuba a kan haƙuri. Malam ya dawo yana ta kallona.

Litinin, 22 ga Yuli, da yamma

Na ga Mai Lasifika. Wata tsohuwar ɗalibata da ke aure a Anka ta san wanda ya san shi. Ya karɓe ni da ladabi, har da lemon kwalba. Ladabin ya fi zagi ciwo.

Ya ce tunda ni mai ilimi ce zai nuna mini abin da ba a nuna wa kowa. Ya juyo da kwamfutarsa. Hoto ne mai launin toka, ɗigo-ɗigo suna motsi kamar kiyashi a kan tabarma. Ya riƙa nuna mini da bakin biro. Ga babura an ɓoye a ƙarƙashin bishiya. Ga maza zalla, a jere, kowa da abu a kafaɗa. Ga mai gadi a sama da dogon makami. Ga shi da suka ji jirgi sun watse cikin daji, kuma mai gaskiya ba ya gudu.

Na ce masa abin kafaɗar galma ce. Na ce makamin gora ce da tsumma. Na ce gudun kuwa ɓarayi ne suka koya mana shi, shekara da shekaru, lokacin da ba ido ko ɗaya a sama, yanzu kuma ku kun zo kun mai da shi shaida. Sai na ce ya nuna mini wane ɗigo ne ɗana.

Ya ce hoton ba ya nuna fuska.

Na karanto masa maganarsa ta Bukkuyum, baki da baki. Bai musa ba. Ya ce har yanzu gaskiya ce: jirgin da ya duba ba shi ne ya yi harbi ba, wani ne daban, kuma umarnin ba daga ofishinsa ya fito ba. Na tambayi wanda ya duba. Ya ce ma'aikaci ne a wani ɗaki, nesa da nan. Wanda ya ba da umarni fa? Wani ne, bisa rahoton mai dubawa. Wanda ya harba? Umarni ya bi.

Kowa hannunsa tsaf. Mai gani bai taɓa ba, mai taɓawa bai gani ba. Lokacin ina jami'a na karanta rahotannin Turawan mulki, waɗanda ke hawa tsauni su hango gari su rubuta halin mutanensa ba tare da sun sha ruwan garin ba. Ina koya wa 'yan mata wannan a aji a matsayin tarihi. Aƙalla shi Baturen yana saukowa daga tsaunin wata rana, a ga jan kunnensa, a san wanda za a tsine wa.

Akwai ɗigo guda a hoton da bai gudu ba. Na roƙe shi ya rufe kwamfutar.

Laraba, 24 ga Yuli, da hantsi

Shekaranjiya ɓarayi sun kore shanun wani ƙauye kusa da Zugu, da rana tsaka, a kan babura, ba ɓoyo. An ce ranar akwai hadari, jirgin ba ya gani sosai.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan la'asar

Wani mutum ya yi sallama, ya ce sunansa Abdulƙadir, mutumin Katsina ne, yana haƙar zinariya a wajen Anka kafin a hana. An kama shi da buhun dutse, ya yi kwanaki ɗaki ɗaya da Sagir, jiya aka sake shi. Ya ce ya yi wa yaron alkawarin zai nemo ni kafin ya nemi mota.

Sagir yana da rai. Akwai rauni a ƙaurinsa, ya fara ruwa, suna wanke masa da ruwan gishiri. Yana tari. Tuwona bai taɓa isa gare shi ba. Wai kullum sai an fitar da su ɗaya bayan ɗaya ana yi musu tambaya iri ɗaya: mutumin kan bishiya wa yake yi wa aiki?

Na zuba wa Abdulƙadir abinci, ya ci kamar mai jin kunyar yunwarsa. Da zai tafi ya ce, "Ɗanki akwai taurin kai, Malama." Malam ya ce ai ba daga ƙasa ya tsince shi ba.

Talata, 30 ga Yuli, bayan azahar

Magaji, mai garin Tunga, ya zo har Gummi da babbar rigarsa. Tun daga tsawon gaisuwarsa na san da abin da ya zo.

An kira shi Anka. An ce masa akwai hanya mai sauƙi. Ba a son a riƙe yaran, an gane manoma ne. Amma an riga an faɗa wa duniya an kashe mai gadin ɓarayi, kuma magana irin wannan ba ta komawa ciki. In dangi suka yarda, a gaban shaidu, cewa Lirwanu yana kai wa ɓarayi labari, cewa shi ya yaudari samarin ya tara su, to shi ke nan. A saki kowa kafin Sallah.

"Wanda ya tafi ya tafi, Malama," in ji shi. "Masu rai muka nema."

Na tambaye shi ko ya manta abin da 'yan sa-kai ke yi wa gidan da aka ce na mai kai labari ne. Ko ya manta gidan da aka ƙone bara a ƙauyen da ke gaba da su, da matar da har yau ba mai sayen ƙulinta a kasuwa. Habsu da yaranta ina za su? Gonar wa zai bar musu? Ya ce zai tsaya musu. Magaji, wanda in akuya ta yi atishawa da dare sai ya kwana a Bukkuyum.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Alhamis, 1 ga Agusta, da yamma

Iyayen sauran samarin sun aiko Asma, wadda ɗanta guda ne tak kuma yana ciki. Tare muka yi wasan 'yar tsana da ita. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Zama ta yi ta ce ɗanta yana da ciwon farfaɗiya, ba ta san ko ana ba shi magani ba, kalma guda ce kawai ake nema, kuma Allah ya san gaskiya ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba.

Na ce Allah ya sani, amma 'yan sa-kai ba su sani ba.

Ta ce, "Ke ɗanki ya yi boko, ko an jima za a sake shi. Mu fa?"

Ruwa kawai na miƙa mata. Ni da ake cewa bakina ya fi reza.

Dubi inda aka kai mu. Wani ya kalli toka-toka a allo ya yi kuskure, ya tashi ya tafi cin abincin rana. Mu kuma an bar mu muna ciniki tsakaninmu, gawar wa za a ɓata don a fanshi ɗan wa.

Juma'a, 2 ga Agusta, da asuba

Yau na kusa cewa to.

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Na koma Tunga don in ji daga bakin masu abin. Habsu ta ce in yi duk abin da zai fito da Sagir, ita ba za ta riƙe ni ba, za ta kwashe yara ta koma wajen danginta a Gummi. Tana faɗa tana tsefe kan 'yarta, ba ta ɗago ba.

Inna ce ta yi magana daga cikin ɗaki. Tun ranar ban ji ta haɗa jimla biyu ba.

"Ni na haife shi. Awakin maƙwabta ma in sunka shiga gonarshi, da igiya yaka maida su har gida. In za a ce mishi ɓarawo, a bari in mutu tukuna, ba da nisa ba ne."

Ba wanda ya fita gayya tun ranar. Ciyawa ta cinye gonakin Tunga. In ka fita kai kaɗai ɓarayi, in kun fita da yawa jirgi. Yara in sun ji ƙugi a sama sukan tsaya cak, don an ce musu kada su gudu.

Laraba, 7 ga Agusta, bayan azahar

Sun bar ni na gan shi. Na san dalili: suna son in lallashe shi.

Ya rame, yana jan ƙafa. Ya durƙusa zai gaishe ni, ƙafar ta ƙi, na riƙe shi. Wari yake, na ƙi sakinsa. Mai kaki guda yana tsaye a kanmu. Na fara yi masa bayanin maganar Magaji, ina kewaye-kewaye, ni da na tsani kewaye. Ya katse ni.

"Umma, Kawu ya ga jirgin kafin kowa. Yana da lokacin da zai sauko. Tsayawa ya yi yana kaɗa gorar yana kiran sunayenmu, wane ka yi gabas, wane ka bar babur ɗin. Sunana ne na ƙarshe da na ji."

Ya ce duk samarin sun ji, har ɗan Asma, kuma sun yi magana tsakaninsu, ba wanda zai faɗi abin da ake so. In manya sun faɗa a waje, su za su ƙaryata a ciki.

Mai kakin ya ce lokaci ya yi. Ina jin shi ma ya ji, don bai kalle ni ba.

Lirwanu ya rasu. Ƙanena, wanda na goya. Wata guda ke nan hannuna yana ƙin rubuta wannan.

Alhamis, 8 ga Agusta, da yamma

Na biya ta Tunga na faɗa wa Asma abin da Sagir ya ce, ban ƙara ban rage ba. Ta tambaye ni ko sunan ɗanta yana cikin waɗanda Lirwanu ya kira. Na ce ban sani ba, ban tambaya ba. Ta ce ita ta sani, don yaron ba ya jin kira sai an maimaita, kuma ga shi da rai.

Magaji ya ce na rusa sulhu. Na ce masa ba a yi faɗa da mu ba balle a yi sulhu, faɗo mana aka yi.

Lahadi, 11 ga Agusta, ranar Sallah, bayan la'asar

An yanka ragon. Hantar da Sagir ke sacewa daga kan wuta tana nan ba wanda ya taɓa. Abin 'yan sandan ya yi ta shawagi a kan masallacin idi, mutane suna sujada suna satar kallon sama.

Jiya na je Anka na sami Mai Lasifika yana shirin tafiya hutun Sallah wajen iyalinsa. A tsaye na faɗa masa abin da na yanke, a gaban masu kakin da ke ƙarƙashinsa, don kada a ce ban sanar ba.

Ba mu yi wa Lirwanu sadakar uku ba, ba mu yi ta bakwai ba, don Magaji ya ce taro hatsari ne yanzu. Ranar Laraba yake cika arba'in. Na ba su zuwa faɗuwar ranar Talata su sako Sagir da sauran samarin, ba tare da wani ya ɓata sunan kowa ba, a kai ɗana asibiti a duba ƙafarsa. In magaribar Talata ta yi ban gan shi ba, sadakar arba'in a ƙofar sansaninsu za a yi ta. Za mu shimfiɗa tabarmi a bakin titi inda kowace motar Gusau ke wucewa. Inna za ta zo ko da a kan amalanke ne. Asma za ta zo da sauran iyaye mata. Za a yi addu'a, a raba gumba, a ba masu gadin ƙofar rabonsu. Duk wanda ya tsaya ya tambayi wa ya rasu, zan faɗa masa wa, da yadda aka yi, da abin da aka nemi mu ce. Washegari ma muna nan, da wanshekaren washegari.

Ya ce taro a wurin haramun ne, zai iya sa a kama ni. Na ce na sani.

Da na dawo na faɗa wa Malam, ina jiran huɗubar haƙuri. Sai ya ce taron addu'a ba ya yiwuwa ba mai jan addu'a, in sa a wanke masa farar rigarsa. Ya ƙara da cewa in rage kaifin baki a gaban hukuma. Na ce rigar dai za a wanke.

In sun kama ni, motar da ta ɗauki Sagir ba za ta rasa wurin mace guda ba, kuma aƙalla zan ga ƙafar da idona. Iyatu ta ara mini babban turminta. Gobe da safe zan surfa geron.